Tasawa da Mayahi: Uban da ya mai da zaurensa kwaleji saboda ƴarsa

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama aka koma lakkwal, a ƙauyuka da dama na gundumomin Tasawa da Mayahi za ka tarar da ƴan matan da suka gama aji shida na firamare, wato CM2, aka ce sun wuce siziyam, amma ga su a gida wajen turmi da rijiya. Wasu ba su taɓa zama kan bencin kwaleji ba, wasu kuwa sun je sun yi shekara guda sun dawo. Ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, sau da yawa ma su ne na gaba a ajinsu. Abin da ya tsai da su shi ne nisan kwaleji da rashin amintaccen masauki a gari.

Kamar yadda mai karatu ya sani, firamare shekara 6 ce, kuma yau ta shiga ƙauyuka da yawa. Kwaleji kuwa, inda ake shekara 4 daga siziyam zuwa turwaziyam kafin jarrabawar BEPC, wadda muka fi sani da brebe, sai a manyan garuruwa irin su Tasawa, Mayahi, Maijirgi, Urafan da Kanambakashe, ko a ƙauyen da ya yi sa'a. Yaro namiji ana iya ba shi keke ko a bar shi ya kama ɗaki da abokansa. Ƴa mace mai shekara 12 ko 13 kuwa, sai an samu gidan da za a damƙa ta amana. Idan ba a samu ba, abin da ke biyo baya sananne ne: binciken ƙasa kan yawan jama'a da kiwon lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18, a jahar Maradi kuwa adadin ya kai kashi 89.

A tsakanin waɗannan hanyoyi biyu, masauki ko aure, wani magidanci a wani ƙauye da ke tsakanin Mayahi da Tasawa ya zaɓi ta uku. Shi da kansa yake koyar da ƴarsa a gida.

Yadda ta dawo gida

Na san wannan bawan Allah ne ta hanyar shirin da nake gabatarwa a rediyo, inda ya kira yana tambayar ko yaron da ba ya cikin wata makaranta zai iya zana brebe. Daga baya na kai masa ziyara, ya kuma roƙi kada a ambaci sunansa ko na ƙauyensa. Manomi ne, ya yi kwaleji har turwaziyam a ƙuruciyarsa amma bai samu brebe ba. Ƴar tasa kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kama sunan, Inna yake kiranta.

Da ta wuce siziyam, ya kai ta gari wajen wani ɗan uwa na nesa, ya haɗa da buhun gero don kada ta zama nauyi. A zangon farko sakamako ya yi kyau. Kafin ƙarshen shekara ya lura yarinya ta rame, kayenta duk gurbi ne. Da mahaifiyarta ta zaunar da ita, sai ta gano cewa tun da asuba ita ke ɗebo ruwa da wanke-wanke, da yamma kuma a ɗora mata talla zuwa tasha, wani lokaci har bayan isha. Bai yi rigima da kowa ba, don zumunta ba abin wasa ba ce. Da aka yi hutu ya ɗauko ƴarsa, bai sake mai da ita ba.

Ba a yi wata biyu ba masu neman aure suka fara aiko da magana, kuma ta hannun wansa suka biyo, wanda shi ne babba a gidan. Hujjar dangi ita ce yarinya ta bar lakkwal, zaman me take yi? Ya ce a nan ne ya gane cewa muddin ana ganinta ba ta da abin yi, ba shi da bakin hana aure. Amsar da ya bayar ita ce ba ta bar karatu ba, wurin karatun ne ya sauya. To da yake ya faɗa a gaban manya, dole ya cika.

Allo, alli da fitila

Ajin nasu zaure ne. Allon katako ne da ya shafe da baƙin tsohon batir haɗe da ƙaro, kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Littattafan kuwa tsofaffi ne da ya tsinto ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Tasawa. Don ya san inda ake a manhaja, sai ya haɗa kai da wani yaron ƙauyen da ke kwaleji, wanda ke dawowa gida ƙarshen mako. Yarinyar ta karɓi kayensa ranar Asabar ta kwafe darussan mako, ta mayar ranar Lahadi.

Bayan sallar asuba tana karatun Alƙur'ani. Da hantsi, in an gama aikin gida, sai su zauna awa biyu kan Faransanci: karatu da babbar murya, dikte, nahawu, sannan rubutun insha'i sau ɗaya a mako. Bayan la'asar lissafi, da dare kuma bita a gaban fitila mai aiki da hasken rana. Tarihi da labarin ƙasa yakan fara bayyana mata da Hausa har ta gane, sannan su koma Faransanci, tunda da shi za a yi tambaya a jarrabawa. Ya ce ya lura abin da ta fahimta da Hausa ba ta mantawa, wanda ta haddace kawai kuwa kwana uku ya bi iska.

Wannan tsari ba kyauta ya zo ba. A da, da an gama girbi yakan tafi cin rani Najeriya kamar sauran mazan ƙauyen, ya dawo kafin shuka da ɗan abin cefane. Shekara biyu ke nan bai je ba, ya koma ƴar tireda da kiwon awaki. Mahaifiyar yarinyar, wadda ba ta yi boko ba, ita ta ɗauke mafi yawan daka da surfe, ta kuma haƙura da ribar tallan da ƴarta za ta iya kawo mata. Duk wanda ya san rayuwar ƙauye ya san wannan sadaukarwa ba ta gaza ta uban ba. A majalisa kuwa har laƙabi aka sa masa, wai mushe marar albashi.

Inda ƙarfin uba ya ƙare

Bai ɓoye mini inda abin ya fi ƙarfinsa ba. Lissafin siziyam da sankiyam ya iya da shi, amma da aka shiga na katiriyam, aka fara haɗa haruffa da lambobi, sai ya ga ya manta fiye da abin da ya tuna. Fizik da shimi sai dai su karanta tare, kowa na kallon hoto. Turanci kuwa, wanda shi ma ana jarraba shi a brebe, abin da ya tsinta a cin rani bai wuce na ciniki ba. Mafitar da ya samu ita ce mushen firamaren ƙauyen, wanda ya yarda yana zuwa dare biyu a mako, ana ba shi ƴan tiyoyin gero a matsayin goro. Amma mushe ma'aikaci ne, ranar da aka sauya masa wurin aiki, shi ke nan.

Akwai kuma abin da littafi ba ya bayarwa. Ƙawayenta da suka yi firamare tare kusan duk suna ɗakin miji, ba ta da wadda za ta gwada kanta da ita. A aji, yaro na jin tambayar wani ya ƙaru, yana ganin makin wani ya ƙara himma, yana saba wa rubutu cikin ƙayyadadden lokaci. A zaure ba haka. Uban ya ce akwai ranakun da takan ajiye alli ta ce: Baba, wai ni kaɗai nake wannan wahala? Irin wannan rana ba ya matsa mata, sai ya bar darasi su yi hira. Ya ce zama uba da zama mushe a lokaci guda yana da wuya, don in mushe ya yi tsawa yaro na da gidan komawa, ita kuwa gidan shi ne ajin.

Burinsu yanzu shi ne ta zana brebe cikin ɗalibai masu zaman kansu, waɗanda ake kira kandida libir. Wannan hanya a buɗe take, sai dai tana buƙatar takardar haihuwa, hotuna da kuɗin rajista, kuma ana karɓar takardu watanni kafin jarrabawa. Duk mai wannan niyya ya je ofishin ilimi na gundumarsa tun farkon shekarar karatu ya ji sharuɗɗa, kada ya jira sai an rufe.

Ba baƙon abu ba ne

Koyar da ƴa mace a gida ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gidan mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi karatu, shi kuwa Shehu a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Gobir, a yankin da ke Nijar ta yau. Ita ce ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda take koyar da wasu mata da ake kira jaji, su kuma su koma ƙauyuka su koyar da ƴan uwansu mata. Darasin da ke nan shi ne ba ta bar kowace mace da gidanta kaɗai ba, ta haɗa su da malama da kuma juna.

A ƙasashen waje ma ana yi. A Amurka doka ta yarda da karatun gida a dukkan jihohi 50. A Faransa wata doka ta Agusta 2021 ta sa sai iyaye sun nemi izini, kuma hukuma na zuwa ta duba ci gaban yaron. Bambancin shi ne a can mafi yawa zaɓi ne, makaranta na kusa iyaye suka ga dama suka riƙe ɗansu. A nan kuwa rashin uwa ne ya sa ake uwar ɗaki. Ko a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantun Nijar daga watan Maris zuwa farkon Yuni, an ga yadda gidan da ke da mai ilimi da littafi ya ci gaba, wanda ba shi da su ya tsaya cik.

Hukumomi sun san matsalar. Ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnatin Issoufou Mahamadou ta fitar da dokar kare ƴa mace ƴar makaranta da tallafa mata har ta kai shekara 16. Mohamed Bazoum, da ya hau mulki a 2021, ya yi alkawarin gina makarantun kwana 100 na ƴan mata, inda ta garin Kelle a gundumar Gure ta zama abin misali, kafin a kifar da gwamnatinsa a Yuli 2023. Ko wane ne ke kan mulki, buƙatar ba ta sauya ba: kwaleji kusa da gida, ko wurin kwana mai tsaro.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Kafin a kai ga haka, akwai abubuwan da ba sa buƙatar miliyoyi. Kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, da ƙungiyoyin iyaye mata za su iya rubuta sunayen ƴan matan da suka wuce siziyam ba su tafi ba, a haɗa su uku ko biyar a zaure guda, a haɗa hannu a biya mai koyarwa. Daraktocin kwaleji za su iya barin irin waɗannan yara su zo su zana jarrabawar gwaji tare da ɗalibansu, don su san matsayinsu kafin ranar brebe. Ƙananan hukumomi su sauƙaƙa samun takardar haihuwa, su kuma sa ido kan gidajen da ke karɓar ƴaƴan ƙauye, domin amana ce, ba ƴan aiki aka kawo musu ba. Mu ma ma'aikatan rediyo muna da namu kason: rabin awa na darasin lissafi ko Faransanci da bayani cikin Hausa zai isa gidajen da mushe ba ya isa. Hakimai, masu gari da limamai kuwa, kalmarsu guda na iya sassauta matsin da dangi ke yi wa uba irin wannan.

Zaure ba zai zama kwaleji ba, shi kansa magidancin bai ce haka ba; ya ce da za a buɗe kwaleji inda Inna za ta je ta dawo a yini, gobe zai kai ta. Amma ya riƙe ta kan karatu shekara biyu da allon katako da fitila, a wurin da sa'o'inta suka daɗe da ajiye alƙalami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saura hukuma da jama'a su kama masa. Allah ya ba ta sa'a, ya kuma saka wa iyayen da ke irin wannan ƙoƙari da alheri.