Kalmar "Likita" da Matakan Tantance Ma'aikatan Asibiti a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A bakin Bahaushe, duk wanda ya sanya farar riga a asibiti likita ne, ko da kuwa mai haɗa magani ne ko ma'aikacin jinya. Wannan maƙala za ta nuna cewa a idon doka kalmar ba ta da wannan faɗi, sa'annan ta bayyana matakan da ake hawa kafin a cancanci sunan.

2.0 Tantancewa

Alhakin tantance likitoci yana wuyan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda aka fara kafawa a 1963, aka sabunta dokarta a 1988. Ɗalibin da ya kammala karatu rajistar wucin gadi ake fara yi masa. Sai ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin kulawar manya kafin ya sami cikakkiyar rajista, kuma dole ya riƙa sabunta lasisinsa kowace shekara. Mai neman zama ƙwararre kuwa sai ya ƙara da horo da jarrabawa, kamar na Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Idan aka zargi likita da sakaci, kwamitin bincike ne zai fara dubawa, sannan kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda ke da ikon soke sunansa daga rajista.

3.0 Shugabanci

Dokar soja mai lamba 10 ta 1985 ce ta tsara shugabancin asibitocin koyarwa na tarayya. Ta ɗora hukumar gudanarwa a sama, ta kuma shardanta cewa babban daraktan asibiti ya kasance likita mai rajista. A ƙarƙashinsa akwai shugaban kwamitin ba da shawara kan aikin likitanci, da daraktan mulki. Wannan sharaɗi na daga cikin tushen takaddamar da aka daɗe ana yi tsakanin ƙungiyar likitoci da ta sauran ma'aikatan lafiya.

4.0 Kammalawa

Ke nan, mai fassara da ya kira kowa likita ya shafe iyakar da doka ta shata. Majinyacin da bai san wanda ya duba shi ba, ba zai san inda zai kai ƙara ba. Saboda haka wajibi ne masana harshe su daidaita wa kowane mataki sunansa na Hausa.