Yadda ake ɓoye haidurojin cikin asid ɗin tururuwa

Haidurojin makamashi ne mai tsabta: idan aka haɗa shi da oksijin a cikin na'urar fiyul sel, lantarki yake bayarwa, abin da ya rage kuma ruwa ne. Wahalarsa ajiya da jigila. Ba shi da nauyi, ga cin wuri. A motar Toyota Mirai sai an matse shi a tanki da ƙarfin da ya ninka matsin iskar duniya sau 700, duk da haka kowace lita ba ta wuce giram 40 ko kusa da haka. In kuwa ruwa ake so ya zama, sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili.

Shi ya sa masana suka koma neman wani ruwa da zai riƙe haidurojin a jikinsa har lokacin buƙata. Ɗaya daga cikinsu shi ne asid ɗin fomik, wanda wasu tururuwa ke fesawa don kare kansu. A 1671 Baturen Ingila John Ray ya ba da labarin tace shi daga jikin tururuwa. Yau a masana'anta ake yin sa, masu jima na zamani suna aikin fata da shi, makiyayan Turai kuma suna zuba shi a ciyawar ajiya don kada ta ruɓe. Lita ɗaya tasa tana ɗauke da giram 53 na haidurojin, fiye da na tankin motar nan, alhali a jarkar roba mai kauri za a iya ajiye shi. Yana cin fata, tururinsa yana shaƙe mutum, amma ba ya kama wuta da sauri kamar fetur.

Kowace ƙwayar asid ɗin tana da zarrar kabon ɗaya, oksijin biyu, haidurojin biyu, kuma hanya biyu take bi ta tsage. Ko ta ba da haidurojin da kabon dayoksaid, wanda shi ake nema, ko ta ba da ruwa da kabon monoksaid, gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta mai kashe mutane a rufaffen ɗaki. Ita ma fiyul sel gubar tana kashe ta, domin tana mannewa a kan falatinam ɗin da ke ciki ta toshe shi, ko da kashi 10 ne cikin miliyan. Zafi kaɗai ba ya zaɓen hanya, duka biyun yake buɗewa.

Nan aikin katalis yake. Kamar dillali ne, yana haɗa ciniki ya fito yadda ya shiga, ya jira na gaba. Yawanci zarrar ƙarfe ce guda, kewaye da wasu sinadarai da ke riƙe da ita. Asid ɗin yana fara sakin haidurojin na farko cikin ruwan. Ƙarfen sai ya cafki abin da ya rage, ya juya shi har haidurojin na biyu, wanda ke manne da kabon, ya tsinke ya dawo kansa. Ragowar ta tashi a matsayin kabon dayoksaid. Wanda ke kan ƙarfen kuma ya gamu da na farkon, su haɗu su zama iskar haidurojin, ruwan ya yi ta kumfa. A ganina, darajar katalis ba ta saurinsa ba ce kawai, ta yadda yake hana hanya ta biyu ce, da yawan zagayen da yake yi kafin ya lalace.

Shekarar 2008 ce ta sauya lamarin. Ƙungiyar Gábor Laurenczy a jami'ar EPFL ta Lozan a Suwizalan, da ta Matthias Beller a Rostok ta Jamus, kowacce ta fito da katalis na ruteniyam da ke ba da haidurojin kusan ba gubar. Na Beller ma ba ya buƙatar wuta, zafin ɗaki ya ishe shi. Amma ruteniyam yana da tsada da wuyar samu, don haka sakamakon da suka buga tare a 2011 ya fi burge ni, inda baƙin ƙarfe ya yi aikin. A 2012 masu bincike na Japan da Amurka suka nuna katalis na iridiyam mai aiki gaba da baya: a ruwa mai kanwa-kanwa ya ɗaure haidurojin da kabon dayoksaid, a mai tsami ya sake shi. Daga baya ɗaliban jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan, ƙarƙashin sunan Team FAST, suka ƙera tirela mai tsaga asid ɗin fomik don ta ba motar bas lantarki.

Sai dai a yi lissafi. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin kusan lita 19 na asid, yana kuma sakin kilo 22 na kabon dayoksaid. Motar da ke ɗaukar kilo 5 za ta buƙaci kusan lita 100, ban da nauyin injin tsagawar. Wannan ya sa nake ganin ya fi dacewa da janaretan da ke zaune wuri ɗaya ko manyan motoci, ba ƙananan ba.

Babbar tambayar ita ce daga ina asid ɗin ya fito. Mafi yawan na kasuwa daga metanol da kabon monoksaid ake haɗa shi, su kuma daga iskar gas ko kwal. Amfani da irin wannan asid, hayaƙi ne aka ɗaga daga wani wuri zuwa wani. Tsarin ba zai tsarkaka ba sai an kamo kabon dayoksaid an haɗa shi da haidurojin da aka raba daga ruwa da lantarkin rana ko iska. Wannan haɗin kuwa ba ya tafiya da kansa, sai da matsi da ƙarin sinadarin da ke riƙe asid ɗin, raba su daga baya kuma yana cin makamashi mai yawa.