Yadda Fata Ke Tare Ƙwayoyin Cuta

Da za a shimfiɗa fatar babban mutum, faɗinta zai kusan kai murabba'in mita 2, kuma dare da rana bakteriya na sauka a kanta. Amma kaɗan ne ke samun ƙofar shiga.

Abin da ido ke gani a saman fata matattun ƙwayoyin halitta ne, jere bisa jere, wani irin maiƙo ya liƙe su kamar yadda magini ke haɗa tubali da laka. Wurin a bushe yake, su kuwa bakteriya sai da danshi suke hayayyafa. Ga shi kullum waɗannan ƙwayoyi zubewa suke yi, sababbi na tasowa daga ƙasa, har saman fata ya sabunta cikin kimanin mako 4. Duk abin da ya maƙale musu, tare suke faɗuwa.

Gumi da maiƙon jiki ma ba ƙazanta ba ne zalla. Su ke sa fata ta yi ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH, yanayin da miyagun bakteriya da yawa ba sa so. A 2001 masu bincike a Jamus suka gano wani sinadari a cikin gumi, dermcidin, mai kashe bakteriya.

Abin mamaki shi ne, fata na da nata bakteriyan na gida. Staphylococcus epidermidis, alal misali, yakan cinye abinci ya tare wuri, wasu ire-irensa har sinadari suke fitarwa mai hana ɗan'uwansa Staphylococcus aureus sakat, wato wanda ke kawo maruru. In baƙo ya kutsa duk da haka, akwai masu gadi a ciki, ƙwayoyin da Paul Langerhans ya gano a 1868, su ke kai rahoto ga garkuwar jiki. Mugunyar da ke taruwa a ƙurji yawanci gawawwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka zo yaƙin.

Duk wannan tsari sai fata na a haɗe yake aiki. Shi ya sa faso da kaushin hunturu ba abin rainawa ba ne, musamman ga mai ciwon suga, kuma shafa man kaɗanya ko basilin ba kwalliya ba ce kawai. Wanda ya fi damuna shi ne man bilicin: da yawansa na ɗauke da sitiroyid, mai sirantar da fata ya kuma kashe wa masu gadin nan kuzari, har ƙaramin rauni ya daɗe bai warke ba.