AMBALIYAR RUWA A FADAMUN ABUJA: ABIN DA YA KAMATA MANOMI YA SANI

Gabatarwa

A yankin Babban Birnin Tarayya, damina takan sauka a watan Afrilu ta ɗauke a watan Oktoba, kuma ruwa ya fi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba. A wannan lokaci ne kogin Usuma da na Gurara suke cika su yi ambaliya, su malale fadamun Gwagwalada da Kwali da Abaji, inda ake noman shinkafa da masara da kayan lambu.

Ambaliya ba baƙuwa ba ce a gare mu. A shekarar 2012 ta hallaka mutum 363 a Najeriya, ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, ta kuma yanke hanyar Abuja zuwa Lakwaja. A shekarar 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Ya kai manomi, ba ka da ikon hana kogi cika, amma yawan hasarar da za ka yi ya dogara ne ga shirin da ka yi tun kafin shuka, da kuma matakin da ka ɗauka bayan ruwa ya janye.

Yadda Ruwa Yake Kashe Shuka

Saiwar shuka tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ruwa ya kwanta a gona, yakan kore iskar da ke cikin ƙasa, sai saiwa ta shaƙe ta fara ruɓewa. Juriyar amfanin gona ta bambanta:

1. Ƙaramar masara ba ta wuce kwana 2 zuwa 4 a ƙarƙashin ruwa.
2. Wake da gyaɗa da tumatir da barkono ba su jure kwanciyar ruwa.
3. Doya da rogo sukan ruɓe a cikin ƙasa ko da ganyensu na nan kore.
4. Shinkafa tana son ruwa, amma idan ya shafe kanta na kimanin mako guda, yawancin ire-irenta sukan mutu.

Haka kuma ambaliya tana wanke takin zamani, musamman yuriya, ta bar laka ko rairayi a kan ƙasar noma.

Shiri Kafin Damina

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ita kuwa NIHSA tana bayyana ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya. Aikin malamin gona ne ya kai wannan bayani ga manoma cikin harshen da suke ji, kafin su sayi iri.

Ana shawartar ka da ka raba gonarka gwargwadon tudu da kwari. Ka kai doya da rogo da masara da gyaɗa kan tudu, ka bar wa shinkafa kwari. Idan ruwa ya saba shafe fadamarka, nemi irin shinkafa FARO 66 ko FARO 67. An fito da su a shekarar 2017 ta haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi da cibiyar AfricaRice, kuma suna iya rayuwa har kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa. Ka yi dashe da wuri domin shinkafa ta yi tsayi kafin ruwan Agusta.

Ka yashe magudanun ruwa tare da maƙwabtan gonarka, domin magudanar mutum ɗaya ba ta da amfani idan ta ƙasa da shi a toshe take. Kada ka zuba taki gaba ɗaya. Raba shi kashi biyu ko uku. Kada kuma ka nome har gaɓar kogi, domin ciyawa da itatuwan gaɓa su ne suke riƙe ƙasa. Iri da taki da hatsi a ajiye su a wuri mai tudu.

Bayan Ruwa Ya Janye

Da farko, buɗe hanya ruwan da ya saura ya fita. Kada ka yi gaggawar tumɓuke shuka. Jira kwana 3 zuwa 5, sannan ka tsaga karan masara ka duba: idan cikinsa fari ne mai ƙarfi, za ta farfaɗo, idan ya yi laushi yana wari, ta mutu. Shukar da ta tsira a ƙara mata yuriya bayan ƙasa ta tsane, ba cikin ruwa ba. Rogo da doyar da suka ƙosa a haƙe su nan da nan.

Inda shuka ta mutu, danshin da ambaliya ta bari dukiya ce. Ana iya shuka wake mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70, ko kuɓewa da alayyafo, ko a shirya wurin domin noman rani.

Hatsin da ruwan ambaliya ya jiƙa har ya yi funfuna kada a ci, kada a sayar, kada a ba dabbobi. Funfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. A janye dabbobi daga wuri mai taɓo saboda ciwon hanta da ruɓewar kofato. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga a tafasa shi kafin a sha, domin guje wa amai da gudawa.

Kammalawa

Malamin gona ya rubuta iyakar inda ruwa ya kai a kowace fadama, da ranar da ya zo, da kwanakin da ya yi. Da wannan bayani ne za a san abin da za a shuka a kowane wuri a damina mai zuwa. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.