Sabon Tabarau Da Yadda A Ke Sabawa Da Shi

A gidaje da yawa cikin ƙauyukanmu akwai tabarau ajiye a ƙasan akwati, an biya kuɗinsa amma mai shi ba ya sa shi. In an tambaye shi dalili, sai ya ce ya sa kwana 2 ya ji kansa na ciwo, ko ya ga ƙasa ta karkace, sai ya ji tsoro ya ajiye. Wannan hasara biyu ke nan: kuɗi sun tafi, ido kuma bai sami taimako ba. Saboda haka a ka rubuta takardan nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa, maza da mata.

ME YA SA IDO KE BUKATAR TABARAU?

A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi. A bayanta kuma, can cikin ido, akwai wata 'yar ƙwaya mai taushi, ita ma garai-garai. Su biyun nan ne ke tattara haske su kai shi bayan ido. In sun tattara daidai, mutum ya gani sosai. In sun kuskure, gani ya yi dishi-dishi. Aikin tabarau shi ne ya gyara wannan kuskure.

Wani yana ganin kusa amma ba ya ganin nesa, kamar yaron da ba ya iya karanta abin da malam ya rubuta a allo sai ya matso gaba. Wani kuma fatar gaban idonsa ba ta kewaye daidai ba, sai ya riƙa ganin rubutu da inuwa. Amma wanda ya fi yawa shi ne na shekaru. Daga wajen shekara 40 ƙwayan nan ta ciki ta kan fara tauri, sai zura zare a allura, da tsince tsakuwa daga shinkafa, da karatun ƙananan baƙaƙe su yi wuya. Wannan ba cuta ba ce, kamar furfura ya ke, kowa ya daɗe zai gamu da shi.

Daga 2005 zuwa 2007 an yi binciken lafiyar ido a Nijeriya duka. An tarar cikin mutane 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 4 makafi ne, yanar ido kuwa ita ce kan gaba wajen makantarwa. Amma cikin waɗanda ganinsu ya ragu bai kai ga makanta ba, mafi yawa tabarau kurum su ke bukata.

KWANAKIN FARKO

Ido da ƙwaƙwalwa sun daɗe suna aiki da gani mai dishi-dishi, sun saba da shi. Ran da a ka sa tabarau, sai su koyi sabon aiki. Cikin koyon nan mutum ya kan ji ɗan ciwon kai, ko jiri kaɗan, ko ya ga bango ya lanƙwashe, ko ya ɗaga ƙafa zai taka dokin ƙofa ya ga ba nan ya ke ba. Duk wannan ba abin tsoro ba ne. Ga yawancin mutane ya kan wuce cikin 'yan kwanaki, in ya daɗe mako 2. Sannu ba ta hana zuwa. Ga abin da za ka yi:

1. Ka fara sa shi da safe, sa'ad da ido ya huta, kana zaune a gida.

2. Ka sa shi kowace rana yadda ma'aikacin ido ya gaya maka. In kana sawa yau, gobe ka ajiye, ido ba zai saba ba.

3. In kana da tsohon tabarau, ka ɓoye shi. Musaya tsakanin tsoho da sabo ita ke tsawaita ciwon kai.

4. Kada ka hau babur, ko ka tuƙa mota, ko ka hau tsani, sai ka ji ƙasa ta daidaita a idonka.

5. In tabarau na karatu ne kurum, ka cire shi in za ka tashi tafiya. Ba a yi shi don ganin nesa ba.

Akwai tabarau mai hawa biyu, sama don nesa, ƙasa don kusa. Shi ya fi wuyar sabo. In za ka yi karatu ko ɗinki, ka runtse ido ƙasa ka duba ta gindin gilashin. In za ka sauka daga matakala ko ka tsallake kwata, ka sunkuyar da kai duka, ka duba ta sama. Tsofaffi su kula da wannan ƙwarai domin gudun faɗuwa.

In mako 2 sun cika ba ka sami sauƙi ba, ko kana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ka koma inda a ka gwada ka, ka riƙe tabarau da takardar gwaji. Wani lokaci kuskuren awo ne, wani lokaci kuwa ƙarfen ne bai zauna daidai a hanci ba, gyaransa ba wuya. Ba abin kunya ba ne komawa.

Wasu na cewa tabarau na kashe ido, wai in ka fara ba ka dainawa. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, wanda ya ɗanɗana gani sosai ba ya yarda da dishi-dishi kuma. Na shekaru kuwa ƙaruwa ya ke yi, ko da tabarau ko babu. Iyaye, kada ku hana yaro tabarau don wannan magana. Ƙaramin yaro da a ka bari ido ɗaya ba ya gani sosai, idon ya kan zama rago, in ya wuce shekara 7 ko 8 gyara ya yi wuya.

TABARAU NA KASUWA

Tabarau na karatu da a ke shanyawa a faifai ran kasuwa ba ya lalata ido, yana ma taimakon wasu. Amma gilashinsa biyu ƙarfinsu ɗaya ne, alhali idanun mutum sau da yawa ba ɗaya ba ne. Babban aibinsa kuwa, mai talla ba ya duba cikin ido. Akwai cutar hawan jinin ido, wadda likitoci ke kira gilakoma. Ta kan ci gani daga gefe a hankali, ba zafi, abin da ta ci kuwa ba ya dawowa. Gwaji kaɗai ke tona ta da wuri. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40 ya je a duba shi tukuna. Kada kuma ka ari na wani, ko na mahaifinka ne. An yi shi ne a kan awon idonsa.

YADDA A KE ADANA SHI

Ka wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, ka goge da ƙyalle mai laushi. Kada ka goge shi busasshe da bakin riga, yashin da ke jiki zai karce gilashin. Ka sa ka cire da hannu biyu. Kada ka kifa shi, kada ka bar shi kusa da murhu ko cikin rana. Da dare ka mai da shi gidansa, inda yara ba su kaiwa. Babba ya koma gwaji bayan shekara 2. Yaro da mai ciwon sukari su koma kowace shekara. Mai ciwon sukari kuma ya bari sukarinsa ya daidaita kafin a auna masa tabarau, domin hawansa da saukarsa na sāke awon ido.

GILASHIN MANNAWA A IDO

Samari da 'yan mata su kan tambaye mu labarin wani ɗan gilashi mai laushi, faɗinsa bai kai na farcen babban yatsa ba, wanda a ke mannawa a kan baƙin ido maimakon tabarau. Gaskiya ne akwai shi, yana kuwa gyara gani sosai. Akwai wanda a ke yarwa kowace rana, akwai na wata guda. Amma yana da sharuɗɗa masu tsanani. Sai an wanke hannu da sabulu an bushe kafin a taɓa shi. Ba a kwana da shi, ba a wanka da shi. Ba a wanke shi da ruwan rijiya, ko na famfo, ko na leda, balle miyau, sai da ruwan magani nasa na musamman, wanda a ke saye kullum. Ɗan gidansa ma a kan sāke shi bayan wata 3.

Dalili kuwa, cikin ruwa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. In sun maƙale tsakanin gilashin da ido, su kan haƙa gyambo a fatar nan garai-garai, gyambon ya bar tabo fari, ganin idon ya tafi. To, ka dubi zamanmu: ƙurar hunturu, hayaƙin murhu, ƙaiƙayin sussuka, ga asibitin ido da nisa. Ga yawancin mutanen ƙauye tabarau ya fi shi aminci nesa ba kusa ba. Masu launi da a ke sayarwa don kwalliyar biki su ma haɗarinsu ɗaya ne, kada amarya ta ari na ƙawarta. Wanda ke sa shi, in ido ya yi ja ko zafi, ya cire nan take, ya nufi asibiti a ranar.

AIKIN HASKEN LESA

Akwai kuma aikin da likita ke yi da wani haske mai ƙarfi, sunansa lesa. Tun wajen 1990 a ke yinsa a duniya. A kan ɗiga magani ido ya mutu, sa'an nan a fere fatar gaban ido kaɗan, a sāke mata siffa, cikin 'yan mintoci. Yawancin waɗanda a ka yi wa su kan ga nesa ba tare da tabarau ba. Amma ba kowa a ke yi wa ba. Sai wanda ya cika shekara 18, awon idonsa kuma ya tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda. Ba a yi wa mai ciki ko mai goyo, ko wanda fatar idonsa ba ta da kauri, ko mai ciwon sukarin da bai daidaita ba.

Bayan aikin wasu idonsu ya kan bushe wata da watanni, wasu su riƙa ganin fitilar mota da kewaye da dare. Abin da a ka fere ba ya komawa. Ba ya kuwa hana taurin shekaru: wanda a ka yi wa yana saurayi, in ya haura 40 zai nemi tabarau na karatu kamar kowa. A ƙasar nan asibitoci kaɗan ne ke yinsa, a manyan birane, kuɗinsa kuma ya ninka na tabarau sau da yawa. Kada maigida ya sayar da sa ko ya jinginar da gona domin abin da tabarau zai biya masa.

ABIN DA TABARAU BA YA WARKARWA

Tabarau ba ya cire yanar ido, aikin lesan nan ma ba ya cire ta. Maganinta aikin asibiti ne, a fitar da ƙwayar da ta yi fari a sa wata ta roba. Kada a yarda mai yawo gari-gari ya soka allura ya tura yanar ciki, idanu da yawa sun mutu ta haka. Kada kuma a ɗiga fitsari, ko ruwan ganye, ko maganin da a ka saya ba da izinin likita ba. In gani ya ragu farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi mai tsanani, ko mutum ya ga kamar an saki labule a gefe, wannan ba na jira ba ne.

Ku fara zuwa ɗakin shan magani na kusa da ku, mu duba, mu ba ku takarda zuwa babban asibiti. Akwai kuma asibitocin ido, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Wanda ke da tabarau a ƙasan akwati ya fito da shi, ya ba shi mako 2. In bai yi ba, ya kawo mana mu gani. Allah ya ba mu lafiya, amin.