Yamai ba ta da teku, amma tana da kogi da kufaifai

Idan manomi ya gama girbi ya rufe bakin rumbu, to hutunsa ya zo. Shi ma ma'aikacin birni yana da nasa hutu na wata guda a shekara, ƴan lakwal kuma suna da nasu lokacin damina. A ƙasashen da ke bakin teku, mutane sun saba in hutu ya zo su kwashi iyali su tafi wani gari na gaɓa, su yi wanka, su sha iska, su ci kifi, sa'an nan su zaga su ga tsofaffin gine-ginen mutanen da. Wannan yawo ya zama sana'a ga mutanen irin waɗannan garuruwa. Mai masauki yana samu, mai kwalekwale yana samu, mai tuyar kifi tana samu, har yaron da ke nuna wa baƙo hanya ba ya komawa gida hannu wofi.

Ƙasar Nijar ba ta taɓa teku ta kowane gefe ba. Mutumin Yamai da ke son ya gan shi da idonsa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000: ya bi ta Doso, ya sauka Gaya, ya ƙetare kogi zuwa Malanbil, ya wuce Paraku, kafin ya isa Kwatano. Fatake da direbobin manyan motoci sun san wannan hanya kamar tafin hannunsu, domin kafin 2023, shekara da shekaru ta nan mafi yawan kayan ƙasar suka riƙa shigowa.

Kilomita 40 yamma da Kwatano akwai garin Wida, kuma shi ne misalin garin da ya haɗa bakin teku da tarihi. Gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1721 yana nan tsaye. Sun riƙe shi har 1961, shekara guda bayan Dahomi ta sami mulkin kai, da za su fita suka cinna masa wuta, aka gyara shi aka mai da shi gidan tarihi. Daga cikin gari akwai wata hanya mai kamar kilomita 4 da ta miƙe zuwa bakin ruwa. Ita ce bayi suka bi zuwa jiragen Turawa, kuma a ƙarshenta aka gina babbar ƙofa a 1995 don tunawa da su. Cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807. A Gana ma haka abin yake: gidan Elmina, wanda aka gina a 1482, baƙi na biyan kuɗi su shiga su ga ɗakunansa.

To amma wannan tafiya ta mai hali ce. Ga kuɗin mota, ga na masauki, ga takardu. Daɗin daɗawa, a ƙarshen Yuli 1975 ba wanda ya yi mafarkin abin da ya faru a ƙarshen Yuli 2023, sa'ad da aka rufe gadar Gaya, har ta kai a 2024 matafiya da kwalekwale suke ƙetarewa. Saboda haka talakan Yamai da ɗan ƙaramin ma'aikaci, tekunsu shi ne kogi.

Tekun mutanen Yamai

Zabarmawa na ce masa Isa, Hausawa na ce masa Kwara. Sau biyu yake cika a Yamai cikin shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ruwan sama ke kawowa daga ƙoramu na kusa, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso wajen Disamba da Janairu. Wannan na biyu shi ya dace da yawon jirgi, don ya faɗo cikin sanyi, ruwan kuma a kwance yake. In bazara ta yi, ruwa ya ja baya, sai yashi ya fito fili, samari su cika gaɓa da yamma. A Yuni 1985, bayan farin da aka sha, kogin ya tsaya cik a Yamai, mutane suka taka da ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Wurin da ya fi kusa shi ne Bubon, kilomita 25 kan hanyar Tilaberi. Laraba ce ranar kasuwarsa. Matan garin sun yi suna wajen ginin tukwane da randuna da tuluna masu zanen fari da ja, waɗanda ake kaiwa kasuwannin Yamai. Daura da garin akwai tsibiri inda aka gina ɗan masaukin baƙi, kuma tun da daɗewa ma'aikata suka saba zuwa ran Lahadi su yini ƙarƙashin mangwaro, su sayi giwan ruwa hannun Sarkawa a gasa musu nan take. Can gaba, kilomita 200 daga Yamai, ga Ayaru mai kasuwar Lahadi, inda Buzaye da Fulani da mutanen tsibirai ke haɗuwa. A shekarun 1970 da 1980 baƙi daga Turai sun riƙa cika otal Amenokal, su ɗauki jirgi su tafi kallon dorina wajen Firgun. Mai ƙarfin hali yakan zarce har Gao ta ƙasar Mali ya ga kabarin Askiya, wanda aka gina a 1495.

Sai dai kogi ba wurin wasa ba ne. Dorina mai ɗa ba ta san baƙo ba, ruwan da ke kwance a gefe yana sa tsargiya, kuma kowace bazara sai an yi makokin yaran da suka shiga inda ba su sani ba.

Wancan zamani na Ayaru ya wuce. A Maris 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin saboda hare-haren ƴan bindiga, kuma bayan kisan da aka yi a Kure ran 9 ga Agusta 2020, inda Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 suka rasa rayukansu wajen kallon raƙuman dawa, ƙafar baƙi ta ɗauke. Wannan masifa ce da ake fatan Allah ya kawo ƙarshenta. In lafiya ta samu, kogi yana nan inda aka bar shi, kasuwa ma za ta ci. Akwai kuwa wata asara da ba ta gyaruwa, ita ce ta kufaifai.

Labarin Bura

A hayin kogi, cikin ƙasar Tera, kamar kilomita 150 arewa maso yamma da Yamai, akwai wani ƙauye da ake ce wa Bura. A 1975 wani saurayi ya fita farauta, ya tsinci kawuna biyu na yumɓu a wani fili mai suna Asinda-Sikka. Bai ɗauke su bakin kome ba, ya kai gida ya ba yara su yi wasa. Da labari ya kai Yamai, masana na ma'aikatar binciken tarihi da al'adu ta IRSH, wadda ke ƙarƙashin jami'a, suka je suka duba. A 1983 Malam Bube Gado ya jagoranci aikin tono.

Filin da suka buɗe bai kai girman gonar gyaɗar mace ɗaya ba, amma a cikinsa suka ƙidaya tuluna 630 jere kusa da kusa. Abin mamaki, dukansu a kife suke, baki ƙasa. Waɗansu dogaye ne kamar turmi, waɗansu masu kumburin ciki. A bisa da yawa daga cikinsu an ɗora siffar kan mutum, da tsagar fuska da irin kitso, waɗansu kuma siffar mutum sukutum bisa doki. Mafi shahara shi ne babban mahayin nan da aka harhaɗa gutsattsarinsa ɗaya bayan ɗaya, ga linzami, ga mundaye jere a hannu. Da aka ƙara nitsawa ƙasa sai aka tarar da ƙasusuwan mutane, tare da kan kibiya na ƙarfe, da mundayen tagulla, da duwatsun wuya. Ashe wurin maƙabarta ce, tulunan kuwa alamar kaburbura.

Awon da aka yi ya nuna mutanen sun zauna wurin tsakanin ƙarni na 3 da na 13, watau tun kafin daular su Askiya. Suna da maƙera, suna da dawaki, suna da magina waɗanda hannunsu bai kasa na kowa ba. Masana suka sa musu sunan ƙauyen da ke kusa, aka ce mutanen Bura. Daga baya aka gane irin waɗannan kufaifai sun bazu ko'ina cikin yankin, har cikin ƙasar Burkina Faso.

A 1993 aka buɗe wani babban nunin kayan tarihi na ƙasashen kogin Kwara a Paris, daga nan ya zaga manyan biranen Afirka ta Yamma. Kayan Bura na ciki, duniya ta gan su ta yaba. To, abin da ya kamata ya zama alheri shi ya jawo ɓarna, domin masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka sun gani sun yi sha'awa. Sai kuma ga Janairu 1994, darajar sefa ta karye da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Kuɗin baƙo ya ninka, aljihun manomi ya ƙara ramewa. Dillalai suka fantsama cikin ƙauyuka.

Da rani, lokacin da ba aikin gona, sai maza su fita da diga da shebur da dogon ƙarfe na caka ƙasa. Inda ƙarfe ya ji tauri, nan za a haƙa. Dillali kai yake so, ko mahayi, don su ne ke da kasuwa kuma su ne masu sauƙin ɓoyewa cikin buhu. Saboda haka sai a ɓalle kan a jefar da tulun, a watsar da ƙasusuwa. Don a sami abu ɗaya mai kyau sai an farfasa da yawa. An ƙiyasta cewa kashi 90 cikin 100 na kufaifan Bura da ke Nijar an taɓa su. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Ba a ce manomin da ya yi tono mugu ne ba. Mutum ne wanda ya ga farin 1973 da na 1984, rumbunsa ba ya kai shi damina, ga wani ya zo da kuɗi a hannu yana neman abin da shi yake gani tarkacen arna ne. Amma lissafin bai fita ba. Abin da aka ba shi bai fi na ƴan tiyoyin hatsi ba, alhali kan nan da ya fito daga gonarsa, in ya isa kantunan Paris ko Burusel, kuɗinsa ya ninka ninkin ba ninkin. Ya ci sau ɗaya ya ƙare. Gonar kuma ta cika da ramummuka, ruwan sama ya bi su ya zaizaye ƙasa. Ko ba don haka ba, kabari kabari ne, ko na wane ne.

Ga masana kuma, asarar ta fi haka. Kan yumɓu da aka raba da wurinsa ya zama bebe. Mai binciken tarihi ba kyaun abu kaɗai yake dubawa ba. Yana auna zurfin da aka same shi, da abin da ke kusa da shi, da inda mamacin ya fuskanta. Ɗan guntun gawayi da ke gefen tulu shi ake kaiwa ɗakin awo a gane shekarunsa. In diga ta hautsina wurin, duk wannan ya tafi, ba kuwa mai iya mai da shi.

Nan ne bambanci da Wida ya fito. Can an bar gini a wurinsa, baƙo ya zo ya gani ya biya ya tafi, gobe wani ya zo ya biya. Da an bar tulunan Asinda-Sikka da na maƙwabtanta a jere, an yi musu rumfa da mai gadi, da ranar da hanya ta yi lafiya mai zuwa hutu bakin kogi yana da dalilin ƙetarawa hayi ya kwana, ya ci abincin garin, ya ɗauki ɗan garin jagora. A 2006 gwamnati ta miƙa sunan Bura ga UNESCO cikin wuraren da take neman a sa a jerin kayan gadon duniya.

Abin da aka tono bisa ƙa'ida a 1983 an kai shi Yamai. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a Disamba 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana kusa da kogi, ba nisa da gadar Kennedy. Mutumin karkara da ya shigo birni ganin dangi yana iya ratsawa da ƴaƴansa, su ga aikin mutanen da, da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, da itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973. Gani ya kori ji.

Har yanzu akwai kufaifan da diga ba ta kai gare su ba, kuma galibi hauyar manomi ko ruwan damina ke fara tona su. Doka mai lamba 97-022 ta ran 30 ga Yuni 1997 ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci wani abu ya sanar da hukuma. Wanda hauyarsa ta ci karo da gindin tulu a kife, ko kan yumɓu, ko tarin duwatsu da ƙasusuwa, kada ya cire, kada ya wanke. Ya mai da ƙasa ya rufe, ya sa ƙaya a kai saboda dabbobi, ya gaya wa mai gari. Mai gari ya kai magana ga hakimi ko ga farfe, su kuma su sanar da ma'aikatar IRSH a Yamai.