Lambarka ba ta dillali ba ce

Akwai wata magana da ta ishe ni a bakin masu neman aiki a unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai: "Ni talaka, me nake da shi da za a sace? Su ɗauki lambar mana." Da wannan maganar ake miƙa wa dillalin aiki NIN da BVN a ƙofar kamfani, ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya ce a dawo ranar Litinin.

Malam, kai ne ma aka fi nema. Mai kuɗi idan aka taɓa bayanansa yana da lauya, yana da manajan banki da zai ɗaga wayarsa tsakar dare. Kai wa kake da shi? Tun da Babban Banki ya kawo BVN a 2014, gwamnati kuma ta wajabta haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020, lambobin nan su ne kai a idon hukuma. Wanda ya riƙe su yana iya buɗe asusu da sunanka, kuɗin damfara su bi ta ciki, ko ya ci bashi a manhajar waya. Ranar da asiri ya tonu, sunan da ke kan asusun za a bi, ɗan damfarar kuwa ya daɗe da sauya layi. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke sayen waɗannan lambobi a hannun mutane da kuɗin da bai kai na cefanen kwana ɗaya ba. Aljihunka bai dame su ba, sunanka mai tsabta suke so.

Bayan an ɗauke ka aiki ma, a cikin kamfanin ido ɗaya ne ke kallon bayananka. Na'urar dangwala yatsa ba ta mantuwa da lattin minti biyar, amma lebura ba ya ganin abin da ta rubuta. Mai aikin jima da sinadari ya cinye masa zanen yatsa sai ya dangwala ta ƙi, a rubuta bai zo ba.

To, kada ka bai wa kowa lambarka a bakin ƙofa. Sai a ofis, bayan an tabbatar maka da aikin. BVN kuwa ba ruwan dillali da ita, lambar asusu ta isa a biya ka albashi. Lambar sirri da banki ke turowa a waya, kada ka faɗa wa kowa; ko wanda ya kira ya ce daga banki yake, kashe wayar. Idan na'ura ta ƙi karɓar yatsanka, nemi a rubuta sunanka a littafi nan take, gaban shaida. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar tambayar abin da kamfani ya ajiye a kanka, ka kuma nemi a gyara kuskure. In an ƙi, hukumar kare bayanai ta NDPC na karɓar ƙorafi.